Daga Man Kifi Zuwa Dexron: Tarihin Man Giya da Dalilin Yoyon Tsofaffin Motoci

Idan kana da tsohuwar mota a gida, ta gado ce ko ka saya don sha'awa, ka san wannan tabon. Ka ajiye ta da daddare a kan siminti mai tsabta, da safe ka ja ta baya, sai ka ga ɗigon mai ja-ja daidai inda tsakiyarta ya kwana. Ka je shagon kayan mota ka ce a ba ka man giya, mai shago ya miƙo galan ya ce maka, "Alhaji, ai duk ɗaya ne, in dai ja ne." To, ba ɗaya ba ne. Jan nan rini ne kawai da ake zubawa don a bambanta shi da baƙin mai na inji. Abin da ke cikin galan ɗin ya sauya sau da yawa tun 1949, kuma kowane giyabos an ƙera shi ne a kan man zamaninsa. Idan ka san tarihin, za ka san abin da za ka zuba wa motarka, ka kuma gane dalilin da take yoyo.

Yadda mai ya zama ɓangaren giya

Labarin ya faro ne daga jirgin ruwa. A 1905, wani injiniyan Jamus, Hermann Föttinger, ya yi rajistar wata dabara ta isar da ƙarfin inji ta hanyar ruwa. Ka ɗauki fanka biyu ka sa su fuska da fuska, ka kunna ɗaya, za ka ga ɗayar ta fara juyawa ba tare da sun taɓa juna ba. Ka rufe su a cikin ƙwaryar ƙarfe, ka maye gurbin iskar da mai, to ka samu abin da makanikai ke kira konbata, wato ƙwaryar nan da ke tsakanin inji da giyabos a mota mai giyar otomatik.

Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar wa jama'a giyar otomatik mai wannan dabara da yawa. A ƙarshen 1939 ya fito da giyar Hydra-Matic a motocin Oldsmobile samfurin 1940, ƙarin dala 57 a kan kuɗin mota. Jagoran aikin shi ne Earl Thompson, ka riƙe sunansa don za mu sake haɗuwa da shi. A Yaƙin Duniya na Biyu har tankokin yaƙi aka sa wa wannan giya, bayan yaƙi kuma ta bazu a motocin gida.

A giyar hannu, aikin mai ɗaya ne: ya hana ƙarfe cin ƙarfe. A otomatik kuwa, man shi ke ɗauko ƙarfin inji a cikin konbata. Shi famfo ke matsawa ta cikin wasu siraran hanyoyi masu kama da gidan gara, ya tura fistin ya damƙe faifan kuloci, giya ta sauya. Shi ke kwashe zafi ya kai lagireto. Sannan ana so ya yi santsi a kan haƙoran giya, amma kada santsin ya hana faifan kuloci kamawa. Ka ga ke nan man ya zama kamar wani ƙarfe ne daga cikin ƙarafan giyar.

Da farko sai a wurin dillalan kamfanin ake samun wannan mai. Da motocin suka yi yawa, General Motors ya fitar da ƙa'ida a 1949 mai suna Type A, duk kamfanin man da ya ci jarrabawarta ya sayar. Kusan duk motocin otomatik na Amurka a shekarun 1950 shi suke sha. A 1957 aka inganta shi aka kira shi Type A Suffix A, sunan da har yau za ka gani a littattafan tsofaffin motoci, har da na Turai.

Kifin da ke cikin galan

Abin da yawancin direbobin lokacin ba su sani ba shi ne, a cikin wannan mai akwai man kifin whale. Sunan kifi ne dai muke ba shi, amma dabba ce mai shayar da 'ya'yanta, tana numfashi da huhu. Nau'in da ake nema shi ne mai ƙaton kai kamar akwati, wanda a cikin kan nasa akwai wata jaka da kan ɗauki mai har kusan lita 1,900.

Me ya sa sai shi? A ilimin sinadarai, man wannan dabba ya fi kusa da kaki a kan kitse, sai dai kaki ne mai ruwa-ruwa. Ƙwayoyinsa dogaye ne, kuma ɓangare ɗaya na kowace ƙwaya yana manne wa ƙarfe, sauran jikin ya miƙe kamar gashin buroshi. Idan aka dafa shi da farar wuta, sai ya zama sinadarin da ke jure zafi da matsi, ba ya saurin tsami, yana kuma sa faifan kuloci ya kama a hankali ba da fizga ba. Kaɗan ake zubawa a cikin man fetur da aka tace, amma kaɗan ɗin nan a motoci miliyoyi ya isa ya ci gaba da aika jiragen farauta teku. Man Dexron na farko, wanda General Motors ya fitar a 1967, shi ma yana ɗauke da shi.

Inda Ford ya raba hanya

Kamfanin Ford ya fara rubuta tasa ƙa'idar a 1959, a 1967 kuma ya fitar da Type F. A nan ne batun "duk ɗaya ne" ya mutu.

Injiniyoyin General Motors suna son giya ta sauya cikin laushi, don haka suka sa wa Dexron sinadarin da ke rage kamun kuloci daidai lokacin da faifan ke gab da haɗewa, suka ƙera faifan da matsin famfonsu a kan haka. Ford ya bi akasin wannan. Type F ba shi da wannan sinadari, kamunsa yana ƙaruwa ne yayin da zamewa ke raguwa, faifan ya cafke nan take. Saboda haka Ford ya iya amfani da ƙarancin matsi.

Yanzu ka juya lamarin. Ka zuba Dexron a giyar Ford da aka ƙera don Type F, faifan zai riƙa zamewa fiye da ƙima a duk sauyin giya. Zamewa tana haifar da zafi, zafi yana ƙona takardar da ke fuskar faifan. Motar ba za ta tsaya maka yau ba, za ta yi watanni tana tafiya, sai ranar da ka taka totur inji ya yi ƙara mota ta ƙi gaba. Idan kuma Type F ka zuba a giyar da ke son Dexron, za ka ji tana buga giya da ƙarfi kamar an daki bayan motar. Launin man biyun ɗaya ne, warinsu kusan ɗaya, kaurinsu kusan ɗaya. Idonka ba zai raba maka su ba, sai rubutun jikin galan.

Ford ya fara barin Type F a wasu giyoyinsa wajen ƙarshen shekarun 1970, ya koma mai irin na Dexron, har ya fitar da Mercon a 1987. Don haka ko a cikin motocin Ford ma, shekarar ƙira ce ke yanke hukunci.

Ranar da aka hana farauta

A 1970 gwamnatin Amurka ta sa wannan kifi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, aka hana shigo da mansa. Dokar kare dabbobin teku masu shayarwa ta biyo baya a 1972, sai dokar kare halittun da ke gab da ɓacewa a 1973. Kamfanonin mai suka wayi gari babu sinadarin da suka dogara da shi fiye da shekara 20.

Lokacin ma bai yi musu daɗi ba, don a daidai shekarun ne dokokin rage hayaƙi suka sa injuna suna aiki da zafi fiye da da. General Motors ya fitar da Dexron II a 1973, babu man kifi a ciki. Sai matsala ta ɓullo ta inda ba a zata ba. A cikin lagireto akwai ƙaramin bututu da man giya ke bi ya huce, an liƙe gaɓoɓinsa da dalma. Sabon man ya riƙa cin dalmar nan. Da ta huje, ruwan lagireto ya shiga giya, man giya ya shiga lagireto. A 1975 kamfanin ya gyara haɗin, ya ƙara sinadarin hana cin ƙarfe, aka samu Dexron II-D. Ashe man kifin yana yin wani aikin kariya da ba a lissafa da shi ba sai da aka cire shi.

Neman madadi ya kai masana ga wani ɗan itacen hamada mai suna jojoba, da ke fitowa a kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko. Man 'ya'yansa shi ma kaki ne mai ruwa, tsarinsa ya yi kama da na kifin sosai. Daga baya masana'antu suka koyi haɗa irin waɗannan ƙwayoyi da kansu, kuma man giya na yau ya fi na wancan zamani jure zafi nesa ba kusa ba. Don haka in wani ya ce maka tsohon man ya fi, ka ce masa ya fi na 1973 ne kawai.

Dexron III ya zo a 1993, Dexron VI a 2005. Na ƙarshen nan ya fi na baya tsinkewa tun yana sabo, sai dai ba ya saurin rasa kaurinsa. General Motors ya ce ya maye gurbin II da III a giyoyin otomatik nasa, ya kuma daina ba da lasisin Dexron III a ƙarshen 2006. Ford ma ya daina na Mercon na asali a 2007. Ma'ana, duk galan ɗin da ka gani yau an rubuta Dexron III ko Dex/Merc, kamfanin da ya haɗa man ne kaɗai ke tsaya masa. Shi ya sa sunan kamfanin da kuma shagon da ka saya suke da muhimmanci.

Giyar hannu ma tana da nata

Kada mai giyar hannu ya ce ba ruwansa. Earl Thompson ɗin nan, kafin Hydra-Matic, shi ya ƙirƙiro zoben da ke daidaita gudun haƙoran giya kafin su haɗu, wanda Cadillac ta fara sawa a 1928. Shi ya sa kake sa giya ba tare da ƙarar niƙa ba. Zoben na tagulla ne, kuma da gogayya yake aiki.

Man giya mai kauri da ake yi wa lamba GL-5 an yi shi ne don aksul na baya, inda haƙora ke murzar juna da matsi mai tsanani. Yana ɗauke da sinadarin farar wuta da fosfaras kusan ninki biyu na GL-4. Wannan sinadari yana yi wa ƙarfe sulke, amma a kan tagulla mai laushi yana iya cin fuskar zoben, santsinsa kuma ya hana shi kamawa. Idan littafin motarka ya ce GL-4, ka nemi GL-4. Babbar lamba a nan ba ta nufin inganci, aiki ne daban.

Wasu ma ba sa shan ko ɗaya. Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, giyar hannunta baƙin mai irin na inji aka rubuta mata. Marsandi samfurin W123, irin su 200 da 230 na ƙarshen shekarun 1970, giyar hannunsu jan man otomatik take sha. Mini ta Ingila, tun 1959, inji da giya a kasko ɗaya suke, mai ɗaya suke sha. Mota uku, duk giyar hannu, kowace da nata tsarin.

Daga fata zuwa roba

Yanzu mu koma kan tabon siminti. Wurin da ya fi wuyar toshewa a kowane giyabos shi ne inda sanda mai juyawa ta fito waje. A farkon ƙarni na 20 da ulu da igiya ake cusawa, kuma an yarda cewa mota sai ta ɗiga. A 1929 wani injiniya, Walther Simmer, da ke aiki a kamfanin Freudenberg na Jamus, wanda asalinsa majema ce, ya yi zobe da ragowar fata, ya sa shi a gidan ƙarfe, daga baya aka ƙara siririn sifirin da ke matse leɓen a jikin sanda. Wannan shi ne kakan oyel-sil da kake saya yau. A shekarun 1930 aka maye fatar da robar naitiril, wadda mai ba ya narkarwa. A 1937 kuma Niels Christensen, ɗan asalin Denmark mazaunin Amurka, ya nemi rajistar zoben roba mai sauƙi da ake kira O-ring.

Robar naitiril tana da iyaka. Idan zafi ya wuce digiri 100 zuwa 120 na dogon lokaci, sai ta fara taurarewa. Sinadaran da ke sa ta laushi suna fita a hankali, ta ƙanƙance, leɓen ya tsage. Sil ɗin da ya shekara 40 a zafin Sakkwato ko Damagaram, in ka ciro shi ka lanƙwasa, karyewa zai yi kamar busasshen kara. Masu haɗa man giya sun san haka, shi ya sa kowace ƙa'ida tun Type A take duba yadda man ke kumbura roba kaɗan don ta ci gaba da matsewa.

Daga nan ne maganin toshe yoyo na kwalba ya samo asali: sinadarin kumbura roba ne da yawa. Yana iya rage ɗigon sil da ya bushe, amma ba ya ɗinke wanda ya tsage, kuma yana kumbura duk robar da ke cikin giyar, har da lafiyayyun. Wanda ya fi muni shi ne zuba man birki a giya, dabarar da za ka ji a wasu garejoji. Yoyon yakan tsaya na ɗan lokaci, sannan robobin ciki su yi laushi su yage, aikin sil ɗaya ya koma sauke giyabos.

Nemo inda take yoyo

Mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana kai shi baya, don haka inda ka ga ɗigo ba lalle nan ne tushen ba. Ka wanke giyabos ɗin tas, ka bari ya bushe, ka yi 'yar tafiya, sannan ka nemi wuri mafi sama kuma mafi gaba da ya jiƙe. Kwali a ƙarƙashin mota da daddare zai nuna maka layin da za ka bi.

Sau da yawa za a ce gasket ɗin kasko ne, alhali man daga sama yake zubowa: zoben robar bututun geji, sil ɗin sandar da ke zaɓen giya, ko mashigar wayar sifido. Duk waɗannan ana canza su giya tana jikin mota. Idan gasket ɗin ne da gaske, ka duba bakin kaskon. Yawan ɗaure kusoshi yana tura ƙarfen gefen ramukan sama, gasket ya daina kwanciya daidai, kuma ƙara ɗaurewa ƙara yoyo ne. A daidaita bakin da guduma a kan katako, a ɗaure a hankali bi da bi. Kada a lafta gam ɗin silikon, don guntunsa in ya faɗa ciki siraran hanyoyin nan zai toshe.

Akwai yoyon da ke zuwa sai mota ta yi makonni a ajiye. Man da ke cikin konbata ne ke komawa kasko a hankali, ya cika ya haura sil ɗin da a da ba ya kaiwa gare su. Tayar da ita duk mako yana rage wannan.

Akwai kuma wanda ba ya barin tabo ko kaɗan. Tsofaffin giyoyin General Motors da Ford da Marsandi suna da wani ɗan gwangwani a gefe, da siririn tiyo zuwa inji, wanda ke sanar da giya nauyin da inji ke ɗauka. Idan fatar cikinsa ta huje, inji zai riƙa zuƙe man giya yana ƙonawa. Alamarsa farin hayaƙi a salansa da gejin giya da ke sauka kullum. Ka zare tiyon, in ka ga jan mai a ciki, ka kama ɓarawon. Idan kuma man geji ya koma kalar madara mai ja-ja, ruwan lagireto ya shiga, irin ciwon 1975. Kada ka ƙara tuƙa ta, don ruwa yana ɓamɓare takardar faifan kuloci.

Ɗigo daga tsakanin inji da giya yawanci sil ɗin gaba ne, wannan kam sai an sauke. In an buɗe, a shafa farce a jikin sandar. Shekaru na juyawa sukan sa leɓen roba ya yi wa ƙarfe zane, kuma sabon sil a kan tsohon zane yoyo zai ci gaba da yi, sai an sa siririn hannun ƙarfe ya rufe wurin. A duba ƙaramar kafar numfashi da ke saman giyabos, don in ƙura ta toshe ta, iskar ciki mai zafi za ta tura mai waje ta kowane sil.

To, wanne za ka zuba?

Ka fara da jikin gejin giyar, sau da yawa an buga sunan man a kansa. In babu, littafin motar. In ya ce Type F, Type F kawai, har yau ana yin sa. In ya ce Type A, Suffix A, Dexron ko Dexron II, mai na ajin Dexron III daga sanannen kamfani shi ne magajinsu mafi kusa a kauri da kamu. Man da aka rubuta wa CVT kuwa na wata irin giya ce ta zamani, kada ya kusanci tsohuwar motarka.

Wajen aunawa, yawancin tsofaffin otomatik ana duba su ne inji yana aiki, mai ya yi zafi, mota a shimfiɗaɗɗen wuri. Kada ka wuce layin sama. Idan mai ya yi yawa, ƙarafa masu juyawa za su kaɗa shi ya yi kumfa, famfo ya riƙa tura iska, kuloci ya zame, man kuma ya yi ambaliya ta kafar numfashi ka ɗauka sabon yoyo ne. Ka kuma tuna cewa sauke kasko kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin man kaɗai yake fitarwa, sauran yana cikin konbata. Saboda haka idan ka gano an taɓa zuba mata wanda ba nata ba, juye ɗaya bai isa ba. Ka juye, ka yi tafiyar kwana biyu, ka sake juyewa, sau biyu ko uku, sannan ka rubuta sunan man da kwanan wata a takarda ka liƙa a ƙarƙashin bonet, don makanikin da zai taɓa ta bayanka.